Kanwa, hayaƙi da fata: abin da aikin lafiya a ƙauye ya koya mini

Duk matar da ta taɓa barin man gyaɗa a buɗe inda rana ke dukansa ta san yadda yake canja wari, ya koma yana maƙaƙi a wuya. Wannan aikin firi-radikal ne, kuma irinsa yana samun kitsen da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta a jikinmu. Firi-radikal ɗan ƙanƙanin sinadari ne mai ilektiron (ɗan ƙwayar lantarki da ke cikin kowane sinadari) guda da ba shi da abokin zama, sai ya fizgo na maƙwabcinsa, wanda aka fizge wa shi ma ya afka wa na gaba, ɓarna ta yi ta tafiya har ta taɓa furotin da ƙwayoyin gado. Jiki da kansa yake samar da su idan yana ƙona abinci da iskar oksijin, kuma da su fararen ƙwayoyin jini suke kashe ƙwayoyin cuta. Sai sun fi ƙarfin masu tare su ake shiga matsala.

A makarantar koyon aikin lafiya, misalan da aka ba mu sigari ne da hayaƙin mota. A ƙauyen da nake aiki, can wajen Ringim, matan da ke zuwa awo ba mai shan sigari, amma kowacce tana shaƙar hayaƙin kara da itace safe da yamma a madafin da ko taga babu. Maza kuma rana ce tun hantsi har azahar a gona, ga feshin maganin ƙwari ba takunkumi. Hasken rana yana tayar da firi-radikal a cikin fata, su kuma su cinye kolajin, zaren da ke riƙe ta, shi ya sa ƙeyar manomi take riga fuskarsa tsufa.

Allah bai bar jiki haka ba. Yana da inzayim nasa, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, da ke kashe kaifin firi-radikal, waɗansu na buƙatar zinki da tagulla, wani kuma seleniyam. Waɗansu masu tare ɓarnar, wato antiyoksidan, daga abinci suke zuwa. Bitamin E yana zaune cikin kitsen ƙwayar halitta, ya ba firi-radikal ilektiron ya huta, sannan bitamin C ya zo ya farfaɗo da shi ya koma bakin aiki. Shi bitamin C ɗin, in babu shi jiki ba ya iya saƙa kolajin mai ƙwari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba mu rasa waɗannan abubuwa ba. Ga zogale a bayan kowane danga, ga rama, yakuwa, tafasa, ga garin 'ya'yan kuka da ake dama kwalba da shi. Giram 100 na gwaba yana ɗauke da bitamin C sama da miligiram 200, wajen ninki huɗu na lemon zaƙi, alhali babban mutum bai buƙaci ya kai miligiram 100 a rana ba. Gyaɗa da riɗi suna da bitamin E. A hanyar tukunya muke asarar su. Ana baza ganye a kan tabarma cikin tsakar rana har ya koɗe. Ana dafa zogale a tsiyaye ruwan a zubar, bitamin C ya bi shi. Sai kanwa, wadda take saurin kashe bitamin C. Na taɓa yi wa wata dattijuwa wannan bayani, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, miyar kuɓewa ba kanwa ai ruwa ce." Na ce, "Inna, ban ce a daina ba, a dai rage hannu, a kuma ba yara gwaba ko mangwaro ɗanye." Da haka muka daidaita.

Ba kowane abu wuta ke ɓatawa ba. Jan sinadarin tumatir ya fi shiga jiki idan an dafa shi da ɗan mai. Manja kuwa, jan nan nasa shi ne amfaninsa, wanda ya soya shi har ya yi fari ya ƙone abin da ya saya. Man tuyar ƙosai da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi, a ganina shi ya fi komai cancantar a zubar, sai dai faɗar haka ga mai sana'ar da ribarta ba ta taka kara ta karya ba sai da dabara.

'Yan mata kuma tambayarsu ɗaya ce: "Likita, wace ƙwaya zan sha fatata ta yi kyau?" Wasu har allurar gulutatayon, wani antiyoksidan, suke nema don su yi haske, ga man bilicin a jaka. Baƙin fatar da suke son korewa, melanin ne, shi ke tare hasken rana kafin ya yi ɓarna, man da ke ɗauke da sitiroyid kuma sirantar da fata yake yi. Game da ƙwayoyi, nakan ba su labarin binciken da aka yi a ƙasar Finlan, aka fitar da sakamakonsa a 1994. Maza masu shan sigari kimanin 29,000 aka bi, kuma waɗanda aka ba ƙwayar beta-karotin, antiyoksidan ɗin da ke ba karas launinsa, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kashi 18 cikin 100. Wani bincike a Amurka ya tarar da irin haka a 1996, har aka dakatar da shi kafin lokacinsa. Ba a ga wannan illa ga masu cin karas da ganye ba.

Wannan bai shafi bitamin A da muke ɗiga wa yara ba, ko maganin ƙarin jini na masu ciki. Waɗannan gibi ne sananne ake cikewa, da awo, kuma nakan jaddada hakan don kada wata ta koma gida ta ce likita ta hana shan magani.