Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Sefa ta Faɗi

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta sa ni a mota zuwa Garwa ta ƙasar Kamaru, wurin ƙanenta, in koyi zaman shago. Na sauka ne a ƙarshen 1993, shekarar da aka zaftare albashin ma'aikatan Kamaru har sau biyu. Ban gama sanin gari ba, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa. Faran ɗin Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Kawu kuwa fulawa da madarar gwangwani yake sayarwa, kayan da tushensu daga waje yake. Sari ya yi tashin gwauron zabi, littafin bashi ya cika da sunayen malaman makaranta.

Duk da haka ba za a kira Kawu talaka ba. Yana da gida, yana da gonar albasa a bakin Binuwai. Shi ya sa addu'arsa ta asuba take ɗaure mini kai. Yakan durƙusa a kan tabarma, ya buɗe tafin hannunsa a kan gwiwa, ya ce, "Ubangiji, ga ni, ban zo da komai ba." Kullum da wannan yake farawa, ko jiya an yi ciniki ko ba a yi ba.

Wata Lahadi mai bishara ya yi wa'azi da Fulatanci a kan Matiyu 5:3, aka karanta mana ayar da Hausa, mu 'yan tsiraru: albarka ga waɗanda suka san talaucinsu na ruhu, domin Mulkin Sama nasu ne. Majami'a ta amsa da ƙarfi, don kowa aljihunsa ya bushe. A hanyar gida na ce, "Kawu, ke nan wannan karyewar sefa albarka ce?"

Ya tsaya cak. "A'a, ɗana. Yunwa ba ibada ba ce. Akwai fakirin da girman kai ya cika shi, akwai mai shanu da ya san numfashinsa ma aro ne."

Da dare ya sa na karanta masa Luka 18, labarin mutum biyu da suka shiga Haikali. Bafarisiye, mai tsananin bin dokokin addinin Yahudawa, ya lissafa azuminsa biyu a mako da zakkarsa. Mai karɓar haraji, wanda ba a rasa kuɗi a hannun irinsu, ya tsaya daga nesa, ko ɗaga ido sama bai yi ba, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Shi ne ya koma gida a karɓe. Har yau raina yakan ɓaci in na ji ana wa'azin cewa mota da bene su ne shaidar albarka, haka kuma in na ji ana lallashin mayunwaci da waccan aya ta Matiyu maimakon a auna masa gero. Kawu bai yi ko ɗaya ba.

Da azumin Ista ya kusa ƙarewa, wani malami da bashinsa ya kai jaka arba'in ya zo shago da keken ɗinkin matarsa a kan amalanke, wai jingina. Kawu ya ce in taya shi mayar da keken gida, in kuma ɗora masa rabin buhun fulawa. Abin da matar Kawu ta ce da ta ji labari, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.