Tsakanin mai zane da mai yanka ƙarfe

Sana'ata sarrafa injin CNC, wato injin yanka ƙarfe da ke bin umarnin kwamfuta: injiniya ya zana abu a kwamfuta, ni kuma in fitar da shi a ƙarfe. Kusan duk sa-in-sar da na taɓa yi da injiniyoyi a kan abu biyu take, kusurwa da awo.

Ta kusurwa ba ta da wuyar bayani. Wuƙar da muke ƙwaƙule ƙarfe da ita zagayayyiya ce, juyawa take yi. Idan kaurinta milimita 6 ne, dole ta bar lanƙwasar milimita 3 a lungun ciki. A allon kwamfuta kuwa layi biyu ne kawai suka haɗu. Injin EDM mai cin ƙarfe da tartsatsin lantarki zai iya ba da kaifin, amma da jinkiri da tsada, kuma galibi babu abin da zai shiga lungun.

Awo ne ya fi ci mini rai. An taɓa miƙo mini zanen farantin alminiyam mai tsawon rabin mita, ko'ina an rubuta kada kuskure ya wuce milimita 0.01. Silin gashin kai ma kaurinsa wajen 0.07 ne. Alminiyam kuma yana buɗewa da zafi, kusan milimita 0.023 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Wato farantin nan in ya sauko daga inji da ƙarin digiri 5, tsawonsa ya riga ya ƙaru da ninkin abin da aka yarje mini fiye da sau biyar. Shi ya sa ƙa'idar ISO, hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ta tsayar da digiri 20 don awo.

Na ɗauki zanen na je ofishin wanda ya zana shi, na ce, "Injiniya, cikin awon nan wanne ne ke aiki?" Ya yi shiru yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan ramin boris da hujin fil guda biyu. "Waɗannan ne, Oga. Sauran tsoro ne ya sa na matse su." Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa ƙwarai. Muka mayar da sauran kan ƙa'idar ISO 2768, wadda a matsakaicin ajinta take yarda da kuskuren milimita 0.3 ga tsawon milimita 30 zuwa 120. Lokacin aikin ya ragu sosai, ƙarfen da ake zubarwa ma haka.

Sai dai mu ma muna da namu laifin, kuma ba na son a ɓoye shi. Na ga abokin aiki ya soke wata lanƙwasa a gindin shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa a cikin inji, don ya ɗauka ado ce. Shaf ɗin ya tsage daga daidai wurin, domin nauyi a kaifin kusurwa yake taruwa, ƙarfen ya gaji. Injiniya ya lissafa wannan. Mu a bakin inji ba ma ganinsa. Mai yanka ba shi da hurumin canza zane a ɓoye, komai gwanintarsa.

Yanzu kafin a sa wa zane hannu sai an sauko mana da shi. Da jan biro nake zagaye wuraren da za su ba mu wahala, injiniya kuma ya faɗa mini abin da kowane matsattsen awo yake riƙewa. Wanda ya kasa samo masa dalili, a nan take muke sassauta shi.