Ranar da na cire waifar baya

Asabar. Yau dai na cire waifar gilashin bayan motata, aikin da na daɗe ina cewa sai gobe. Ba lalacewa ta yi ba, lafiyarta ƙalau. Ganinta ne kawai ba ya yi mini daɗi. Motar irin mai yankakken baya ce, wadda but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashi, kuma duk sanda na wanke ta na ja baya ina kallo, sai idona ya tsaya a kan wannan baƙin hannun da ke kwance a karkace, robarsa ta koɗe ta koma ruwan toka. Komai na bayan motar sumul yake, shi kaɗai ne ya fita zakka.

Da hantsi na fara, ƙanena yana riƙe mini kayan aiki yana kuma ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Na fara cire kan batir, don kada wani ya taɓa makunni hannuna yana ciki. A gindin hannun waifar akwai ɗan murfin roba, ana ɗaga shi sai ga noti. Sifana mai lamba 13 ce ta kama shi, ya kwance ba gardama. Sai dai kwance noti ba ya nufin hannun zai fito. Sandar da yake zaune a kai tana da ƙananan haƙora, kuma bakinta a tsuke yake, yana faɗaɗa zuwa ƙasa, to shekara da shekaru ruwa da tsatsa sun haɗe su sun zama abu ɗaya. Na girgiza, ko gezau. Ƙanena ya ce, "Yaya, kawo sukurudireba in sa a ƙasa in banƙare shi." Na ce a'a, ajiye. A motata ramin sandar a jikin gilashin yake, ba a ƙarfe ba, kuma gilashin baya ba irin na gaba ba ne. Na gaba fallaye biyu ne da leda a tsakani, ko ya tsage yana nan a tsaye. Na baya gasasshe ne, yana da ƙarfi a tsakiya amma gefensa da bakin rami ba sa son wasa, in ƙarfe ya ɗan ci wurin gaba ɗayansa zai tarwatse ya zube kamar tsakuwa. Shi ya sa ma ba a iya huda shi bayan an gama ƙera shi.

Na fesa man kwance tsatsa na bar shi ya jiƙa, sannan na ɗauko ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya biyu da ake zare kan batir da shi. Ƙugiyoyin suka kama ƙarƙashin hannun, sukurun tsakiya ya tokare kan sandar, ina murzawa a hankali, can sai ƙas! ya saki. Ƙurar da ta taru a ƙarƙashinsa har ta zama ɓawo, na kankare ta da farce.

Cikin ƙofar but ya fi sauƙi. Murfin ciki da ƴan maɓallan roba aka kama shi, ana ja suna ɓallewa ɗaya bayan ɗaya. Injin waifar na nan a tsakiya, kusoshi uku ke riƙe da shi, da soket ɗin wuta, da siririn tiyon ruwa. Da na sauke shi na jinjina a hannu sai dariya ta kama ni, domin na sha jin masu cewa suna cire waifa ne don rage wa mota nauyi. Abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya! Wanda ke son kyan gani ya fito fili ya ce kyan gani yake so, ba laifi ba ne.

Tiyon ruwan ne ya fi ɗaukar mini hankali. A motoci da yawa famfo ɗaya ne a jikin tankin ruwan wanke gilashi, in ya juya ta wannan gefe ya tura ruwa gaba, in ya juya ta ɗayan ya tura baya. Ba za ka cire fiyus ɗinsa ba tare da ka kashe na gaba ba. In kuma ka bar bakin tiyon a buɗe a cikin ƙofa, ranar da hannunka ya tura makunnin bisa sabo, ruwan sabulu zai kwarara kan wayoyin fitilar lamba da na makullin but, ba za ka sani ba sai tsatsa ta ɓullo. Na cusa ƙaramin sukuru a bakin tiyon na ɗaure da igiyar roba, soket ɗin kuma na naɗe shi da salatif na manne a jikin ƙarfe don kada ya riƙa ƙwanƙwasa a hanya.

Sai toshe rami. Abin toshiyar da na saya baƙi ne mai sheƙi, da zoben roba a ƙarƙashinsa da noti ta ciki. Na goge bakin ramin tas, na shafa silikon kaɗan, na ɗaure da yatsu kawai, sannan na ɗan ƙara da sifana. Nan ma ƙanena ya so a ƙara matsewa. Gilashi ba ya son matsi, roba ce za ta tare ruwa ba ƙarfin hannu ba. Muka sa tiyo muka yi ta zuba ruwa daga sama, shi yana ciki da tocila yana dubawa. Ko ɗigo.

Gaskiya ta yi kyau. Gilashin ya zama falle ɗaya baƙi wul daga sama har ƙasa, motar ta ƙara faɗi a ido, sai ka rantse haka ta fito daga kamfani.

Amma na san abin da na bayar na karɓi wannan kyan. Ba don ado masu ƙera motoci ke sa wa irin wannan mota waifa su ƙyale mai dogon but ba. Iskar da ta bi ta rufin mota, in ta zo inda rufin ya yanke, ba ta iya lanƙwasowa ta bi gilashin da ke tsaye, sai ta rabu da jiki ta bar wani gurbi a baya inda take juyawa, tana tsotso ƙura da feshin tayoyi tana liƙa wa gilashi. Mota mai but a baya gilashinta a kwance yake, iska na shafarsa tana wucewa, kuma but ɗin ya raba shi da feshin taya. Kamfanin Hyundai ma ya gwada: ya fito da Ioniq 5 a 2021 babu waifar baya, da hujjar cewa iskar da ke bi ta fiffiken rufi za ta share gilashin, masu motar suka yi ta kuka, da aka sabunta ta a 2024 sai ga waifa. Ni dabarar da ta fi burge ni ita ce ta Range Rover da sababbin Hyundai Tucson, inda suka ɓoye waifar a ƙarƙashin fiffiken sama, ba ka ganinta sai ta sauko aiki. Da tawa haka take da ban taɓa ta ba.

Ta fuskar doka kuwa, a Ingila ma da suke tsaurara binciken mota na shekara-shekara, waifar baya ba ta cikin abin da ake dubawa, ta gaba ce dole. Duk da haka kowa ya duba dokar inda yake.

Da yamma na ɗan zaga da ita. Kafin in dawo har ƙura ta yi wa gilashin lulluɓi mara kauri, na shafa yatsa ya bar layi. A rani wannan ba komai ba ne, tsumma ɗaya a aljihun ƙofa ya isa. Ranar ruwa da daddare ce abin ji, lokacin da fitilun na baya ke watsuwa a jikin laka kuma kana son yin ribas. Na shafa maganin nan da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara, ko da yake a baya ba ya aiki kamar a gaba, tunda babu iskar da za ta kore ɗigon. Wayoyin ɗumama gilashi suna busar da raɓa, ba sa wanke taɓo.

Injin da hannun da kusoshin duk na zuba su a kwali na rubuta a jiki. Ƙanena ya ce in ba shi, wai tasa ta fara tsayawa a tsakiyar gilashi. Na ce ya bari damina ta wuce tukuna. Murfin cikin ma ban mayar ba, sai silikon ya kwana ya bushe, gobe in sake zuba ruwa in gani.