Ƙaura daga wata manhajar RSS zuwa wata: abin da ke zubewa a hanya

Tun da aka rufe manhajar Google Reader ranar 1 ga Yuli, 2013, masu bin shafuka ta RSS (hanyar da ke tattaro maka sababbin labaran shafukan intanet wuri ɗaya) suka watse zuwa wasu manhajoji, wasu Feedly, wasu Inoreader, wasu NewsBlur. Sauya sheƙa ba ta da wuya, sai dai ba duk kayanka ne ke isa sabon gida ba.

Jakar ƙaurar ita ce fayil ɗin OPML. A Feedly, ka buɗe feedly.com/i/opml a kwamfuta ka sauke shi, sannan ka loda shi a saitin sabuwar manhajar. Abin da ke cikinsa sunayen shafuka ne, da adireshin kowanne, da foldojin da ka jera su a ciki. Labaran da ka sa wa tauraro ba sa biyo shi, haka ma shaidar abin da ka riga ka karanta. Shi ya sa ranar farko za ka tarar da ɗaruruwan tsofaffin labarai sun dawo kamar sababbi. Masu tauraron nan su ne asarar da ke da ciwo, don haka ka kwafe adireshinsu tun kafin ka tashi.

Sai batun iyaka. A tsarin kyauta Feedly na karɓar shafuka 100 a folda uku, Inoreader 150, NewsBlur kuwa 64. Wanda ya kai wa NewsBlur 120 zai zaɓi 64 ne, sauran su kwanta. Gara ka rage da hannunka: buɗe fayil ɗin da Notepad, kowane shafi na da layinsa mai ɗauke da xmlUrl, wato adireshinsa, ka goge layukan waɗanda suka daɗe da yin shiru. Wasu ba mutuwa suka yi ba, adireshi suka canza. In da WordPress aka gina shafin, ƙara /feed/ a ƙarshen adireshinsa yakan farfaɗo da shi.

Wajen daɗin amfani, Feedly ya fi tsafta a ido, amma tsarinsa mai manyan hotuna na cin data. Ka mai da shi kanun labarai kawai. Inoreader cike yake da saituna, kuma yana da maɓallin jawo cikakken rubutu, abin da ke da amfani ƙwarai tunda kafofin labarai da yawa layi ɗaya ko biyu suke turowa. NewsBlur bai kai su kyan fuska ba, amma ina ganin mai tarin shafuka ya dace ya gwada shi: kana nuna masa marubuci ko kalmar da ba ka so, ya ɓoye maka su. Duka ukun, danna maɓallan j da k a kwamfuta na kai ka gaba da baya tsakanin labarai.

Kada ka goge tsohon asusun sai bayan mako guda. Ka sa ido kan ƙananan shafuka, irin na marubutan Hausa masu mabiya kaɗan, domin manhajojin ba sa leƙa su akai-akai kamar BBC Hausa, kuma jinkirin ya bambanta daga wannan zuwa waccan.