Godiya Bayan Ziyarar Muharraq

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, ziyarar da muka kai yaranmu tsohon garin Muharraq an yi lafiya an tashi lafiya. A madadin iyayen yara, Hausawa mazauna Bahrain, ina miƙa godiya ga duk wanda ya sa hannu.

Iyaye mata da suka tashi tun asuba suka soya masa suka haɗa zoɓo, da samarin da suka kawo motocinsu ba su karɓi ko kuɗin mai ba, Allah ya saka da alheri.

Godiya ta musamman kuwa ta dattijon nan ce da ya yi mana jagora, wanda kakansa mai nutso ne a teku don neman lu'ulu'u. Baba, mun gode. Da shekarunka ka tako da mu daga sansanin Bu Maher har gidan Siyadi, kilomita 3.5, hanyar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2012. Baƙi da yawa gidajen attajiran lu'ulu'u suke zuwa ɗauka a hoto, da ƙofofinsu masu sassaƙa. Kai kuwa sai ka zaro ɗan matsen hancin da kakanka ke sawa in zai yi nutso daga aljihu, ka bar yara suka taɓa. Ka gaya musu yadda maza ke barin gida daga Yuni har Satumba, mai nutso ya sa ƙafa a igiyar dutse, kwando a wuya, ya sauka ƙasan teku yana tsintar ƙumba da numfashi ɗaya, ransa bayan Allah yana hannun mai jan igiya.

Abin da ya fi taɓa ni, ba ka ɓoye ɗacin labarin ba. Ka ce yawancin masu nutso cikin bashin mai jirgi suke mutuwa, ɗa ya gaji bashin uba, kuma da dama cikinsu bayi ne da aka kawo daga Afirka. Yaranmu sun cancanci jin wannan daga bakin ɗan gari. Ka kuma bayyana yadda lu'ulu'un kiwo na Japan ya karya kasuwar a shekarun 1930, daidai lokacin da aka samu man fetur a 1932.

Waɗanda ba su samu zuwa ba, in sha Allah za mu sake shiryawa da sanyin hunturu, da yamma. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan kakansa, ya bar zumunci.