Rubutun gindin kwanso da abin da ma'auni ya ce

Shekarata ta biyu a jihar Texas ta Amurka aljihu ya yi sanyi, sai na samu aikin ƙarshen mako a shagon wani dattijo. Sana'arsa sayen kwanson harsashin da aka riga aka harba a filayen koyon harbi, a wanke, a gyara, a sayar wa masu sake cika harsashinsu da kansu, abin da doka ta yarda da shi a can. Ni ko albarushi ban taɓa ba. Nawa tagulla ce, bokiti-bokiti.

Na ɗauka aikin yara ne, ashe ban sani ba. Kwanso yakan ƙara tsawo duk lokacin da aka harba shi aka sake matse shi a inji, don haka sai an datse bakinsa. Na nau'in harsashin da ake kira .223 Remington iyakar tsawonsa inci 1.760, mu kuwa mukan mayar da shi 1.750. Tazarar ba ta fi kaurin takarda biyu ko uku ba, amma idan ya zarce, bakin kwanson zai cushe a maƙogwaron bindiga ya shaƙe harsashi, matsin ya haura abin da aka tsara. A makon farko na saita injin datsa, na auna guda biyar suka yi daidai, na saki jiki. Ashe noti ya kwance. Rabin bokiti na gajarta. Maigida ya duba, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Yaro, abin da ka yanke ba ya komawa." Daga ranar duk guda ashirin sai na ɗauki ma'auni.

Inda na fi shan darasi shi ne wajen mayar da kwanson .223 ya zama na wani nau'in harsashi, .300 Blackout. Ana guntule kwanson da ɗan zarto ƙasa da kafaɗa, a matsa masa sabon wuya, a datse shi kada ya wuce inci 1.368. Sabon wuyan daga bangon jiki ya fito, kuma bangon wani kamfani ya fi na wani kauri, shi ya sa muke ware su tun farko. Tagullar kashi 70 jan ƙarfe ce, 30 tutiya, tana taurara da yawan matsa, sai an gasa wuyan ya yi laushi, gindi kuwa ba a bari wuta ta kai shi. Ni da na tashi kusa da maƙera na yi mamaki: baƙin ƙarfe a tsoma shi a ruwa da zafinsa ya ƙara tauri, tagulla kuwa ko a jikinta.

To, bayan duk wannan, rubutun da kamfani ya buga a gindin kwanson bai canza ba, .223 yake cewa. Ga shi harsashin .300 Blackout yana iya shiga bindigar .223, in aka harba ta tarwatse a hannun mai ita. Wata Asabar ina sauri na juye faranti biyu, na .223 da na .300 Blackout, wuri guda, na ce ai a ido ma ana bambancewa. Dattijon ya kulle ƙofar shago, ya jawo kujera biyu. Har bayan magariba muna ɗaga kwanso ɗaya-ɗaya, shi yana aunawa, ni ina manna takarda a jikin kowace leda.