Godiyarmu Ga Waɗanda Suka Taya Mu Sauke Amanar Ɗan'uwanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina magana da yawun direbobi da yaran mota masu ɗaukar kaya daga Kasuwar Singa zuwa garuruwan hanyar Daura, da kuma yawun iyalan babban yayanmu da Allah Ya karɓi ransa a bakin aiki makon jiya. An tashi daga zaman makoki, baƙi sun koma, sai yanzu hankalinmu ya dawo jikinmu har muka iya tuna wa ya yi mana me. Ba za mu kama suna ba. Da yawa ba mu ma san sunayensu ba, waɗanda muka sani kuwa sun ce don Allah suka yi.

Lafiya ƙalau ya yi lodi da safe: sukari, taliya, man girki, katan-katan na sabulu, kayan masu shaguna daga Dambatta har Daura. Sun sauke na Dambatta sun ɗau hanya, sai ya ce wa yaron motarsa kansa na sarawa. Ya rage gudu, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Yaron ya ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Ɗan miƙo min ruwa." Kafin a fasa ledar ruwan ya kife a kan sitiyari. Duk direban da ya ji labarin nan, a kan gangarawar yake tsayawa ya yi shiru, don mu muka san abin da mota ƙirar Kanta cike da kaya za ta yi a titi idan babu mai riƙe da ita.

Godiya ta farko ga mutanen wurin ne. Wani direban motar haya ya roƙi fasinjojinsa suka sauka, ba wanda ya yi gardama, ya ɗauke shi zuwa asibiti a Kazaure. Ma'aikatan asibitin sun karɓe shi da gaggawa, sai dai rai ya riga ya yi halinsa. Likitan ya ce alamu sun nuna jininsa ne ya hau. Mai faci da mai shayin da ke bakin hanya su suka kwana gadin motar, suna karɓar juna, ko kwalin ashana bai yi ciwon kai ba. Mun miƙa musu ɗan abin goro, mai shayin ya ɓata rai ya ce, "Haba malam, gawa ce fa ta bar mana ajiya."

Muna godiya ga limamin unguwarsu, da waɗanda suka yi wanka da sutura, da matasan da suka haƙa kabari cikin rana, da 'yan ƙungiyarmu ta direbobi da suka ajiye motoci ranar suka raka shi makwancinsa. Wanda yake cin abinci daga lodin yau zuwa na gobe ya san nauyin ajiye mota wuni guda.

Amma abin da ya hana mu barci daban ne. Direban kai kaya ba ya mutuwa da nasa shi kaɗai. A motarsa akwai kayan mutane, a aljihunsa akwai kuɗin mutane, a kansa kuma akwai lissafin da bai rubuta ba: wane ya biya rabi, wane sai ranar kasuwa, wane an rage masa katan biyu a sahun baya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 abin ya ƙara cakuɗewa, don masu shaguna da yawa sun koma tura kuɗi ta waya zuwa asusun direba, shi kuma ya miƙa wa dila idan ya dawo Kano. Yanzu ga kuɗin dilolin Singa zaune a asusun mamaci, banki kuwa ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar shaidar rasuwa da takardar kotu. Mun kuma san hadisin da ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Shi ya sa muka ce ba za mu huta ba sai an warware komai.

A nan ne mutane suka ba mu mamaki. Abokin aikinmu ɗaya ya bar nasa lodin ya je ya ƙarasa rabon kayan, yaron marigayi na nuna masa shago-shago, yana yi yana share hawaye. Wannan yaro sai dai mu ce Allah Ya yi masa albarka. Kuɗin hannu da ke cikin motar babu wanda ya san adadinsu sai shi da Mahaliccinsa, ya kawo su cif a ƙulle cikin leda. Masu shaguna a Kazaure da Daura suka riƙa kiran waya da kansu, suna cewa marigayi yana bin su kaza. Wani dattijo ya biyo mota tun daga Daura ya kawo cikon kuɗin da babu shi a kowane littafi. Dilolin da kuɗinsu ya maƙale suka ce a bi a hankali har takardu su fito, biyu daga cikinsu kuma suka yafe nasu gaba ɗaya a gaban shaidu. Ana yawan cewa amana ta ƙare a kasuwa. Mu dai a makon nan ba haka muka gani ba, kuma ina ganin halin marigayin ne ya jawo, don fiye da shekara ashirin yana bin hanyar nan ba a taɓa zaunar da shi kan kayan wani ba.

Mai motar ya ɗauki nauyin kayan abincin gidan har uwargida ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma. 'Yan adashenmu sun amince a ba iyalinsa kwasar wannan zagayen. Matan unguwa da suka riƙe girkin makoki, da ma'aikaciyar jinyar da ta zo gareji ta auna mana jini kyauta, har ta tura wasunmu asibiti a ranar, duk mun gode.

Saura roƙo ɗaya. Malamai sun tuna mana cewa ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Don haka duk mai bin marigayi wani abu, komai ƙanƙantarsa, ko makanike ne ko mai abinci ko ɗan dako, ya same mu a gareji bayan la'asar, kada kunya ta hana shi. Wanda marigayi yake bi shi ma ya zo, haƙƙin marayu ne yanzu.

Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya raya abin da ya bari. Ku kuma Allah Ya saka muku da mafificin alheri.